Masallacin da Na Ɗauka Coci Ne

Tun da na dawo daga Porto-Novo ban huta ba. A ofis tambaya, a masallacin layinmu na Gwarinpa tambaya, a majalisarmu ta bayan La'asar kuwa abin ya koma tsiya, don wani ya leƙa hoto a wayata ya baza cewa wai na je ƙasar Benin na shiga coci da babbar riga. Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ni mutum ne da ko Kaduna aka ce in je sai na nemi dalilin fasawa. Aike ne. Yayana, Yaya Sani, yana da 'ya mai suna Nafisa, likitar haƙori ce, ta kawo wanda take so. Sunansa Mustafa, injiniya ne a nan Abuja, mai natsuwa, in zai gaishe ka har ƙasa yake kaiwa. Sai dai ɗan Porto-Novo ne, sannan sunan gidansu, wanda ba zan rubuta ba tunda zancen aure ne, irin na Turawan Fotugal ne. In ka ji shi sai ka rantse mai shi fada ne a coci.

Yaya kuwa ba ya ba da 'ya sai ya san tushen gida. Ya kira ni ya ce, "Kai ne baffanta, kai ne waliyyinta. Ka je ka gano mini abu uku. Musulmi ne na asali ko shigar jiya, mece ce sana'ar gidan, kuma su wane ne kakanninsu. Abin da ka zo da shi, shi zan bi."

Na san abin da tambaya ta ukun take nufi, shi ma ya san na sani. A garinmu har gobe akwai gidajen da ba a ba su 'ya, ba a kuma karɓo tasu, saboda an ce kakan kakansu bawa ne. Ba mai faɗa a fili. Sai dai ka ji an ce an yi istihara, ba a ga alheri ba.

Ana gobe zan tafi Nafisa ta zo gidana da kwanon dambun nama, ta zauna tana murza gefen mayafi.

"Baffa, don Allah kada ka je ka yi musu interview kamar panel ɗin promotion," in ji ta.

Na ce ai aikin da na iya ke nan. Ta yi dariya, amma idonta ya ciko. Ta mayar da manema da yawa, wannan ne kaɗai na ga ta kafe a kansa, kuma na san in Yaya ya ce a'a ba za ta ƙetare maganarsa ba, sai dai ta ci gaba da zama. Tausayinta ya kama ni, ban dai nuna mata ba. Ban kuma gaya wa Mustafa ranar tafiyata ba, don ƙa'idar bincike ita ce a yi shi a ɓoye. Ba ka zuwa gidan. Maƙwabta kake tambaya, da mai shagon unguwa, da liman.

Matata ta ce in hau jirgi zuwa Legas, na ce ni da ƙasa muka saba. Na shiga motar haya da sassafe, na samu kujerar taga, ina jin daɗina har muka wuce Gwagwalada. A Yangoji direba ya tsaya ya ɗauki wani dattijo ɗan Gbagyi mai suna Danladi, da doyar da zai kai wa ɗansa a Legas. But ɗin motar ya cika, saboda haka aka jera doyar a ƙarƙashin ƙafafuna. Haka na yi tafiyar nan gwiwoyina suna gaisawa da haɓata.

"Oga, ina za ka da wannan babban riga?" ya tambaye ni da Hausarsa ta kasuwa.

Tunda ba sanin juna muka yi ba, na gaya masa gaskiya. Ya gyaɗa kai, ya ɓare gyaɗa ya miƙo mini.

"Mu a gidanmu uba ɗaya ya haife mu," in ji shi. "Ni ina zuwa coci, ƙanena yana salla, babban yayanmu kuma bai bar na gargajiya ba, matata ma yana tsoronsa. In ka zo bincike gidanmu, wane ɗaki za ka shiga?"

Na ce masa Allah ya rufa mini asiri ba gidansu aka aike ni ba. Ya yi dariya har da dukan cinyata, kamar tare muka tashi. A Lokoja ya tsare ni sai na ci soyayyen kifi, ya zaɓa mini da kansa, ya kuma cinye kan. Mun shiga Legas a gajiye, na kwana a Agege wajen wani abokin karatuna, da safe na kama hanyar Idiroko inda iyaka take.

A bakin iyaka aka ce in kawo fasfo da katin rigakafin shawara. Fasfo na hannu, kati ya ce ɗauke ni inda ka ajiye. Na zazzage jakata a kan teburin mutane, ga dambun nama, ga goro, ga singileti, ga maganin hawan jini, layi guda yana kallon sirrina. Jami'in ya naɗe hannu yana jira. Can na tuna matata ta ce ta sa mini shi inda ba zai ɓata ba. Yana cikin aljihun 'yar cikina, an maƙale shi da fil.

Ina ƙetarawa duniya ta canza. Wayata ta ɗauke, allunan kan hanya suka koma Faransanci, Turancin nan da nake taƙama da shi a ofis, ina gyara wa yara takarda da jan biro, ya zama kuɗin da aka daina karɓa. Na ga fetur a manyan kwalabe an jera a bakin titi kamar man ja. Na ga mata a kan babur ɗinsu na kansu, da goyo a baya da kaya a gaba, suna tuƙin da ni ba zan iya ba. Kowa kuma ka gani da safe yana maƙale da wani dogon burodi a hammata, mai tsayin ƙaramar taɓarya, ba leda ba takarda. Daga baya na ɗanɗana, na gane dalilin da ya sa garin yake da masu ƙarfin haƙori.

Garin ma suna uku gare shi. Turawa suka sa masa Porto-Novo, Yarbawa suna cewa Ajase, mutanen Gun kuma suna da nasu. Na sauka a wani ƙaramin masauki na wata mata mai jiki da kowa ke kira Madam. Ba ta jin Hausa ba ta jin Turanci, ni ba na jin nata, amma ba mu taɓa rasa fahimtar juna ba, don in ta nuna abu da yatsa ba ka da zaɓi. Na nemi shayi ta kawo mini a kwano, babu kofi. Na nemi abinci ta kawo akasa, wato irin kafar nan ta masara da ake naɗewa a ganye, da kifi da wani yaji da ya sa na yi hawaye ba mutuwa aka yi ba.

Abin da kawai na sani game da gidan su Mustafa shi ne yana kusa da babban masallacin gari, ta wajen kasuwa. Na ce to, da jifa ɗaya sai in yi Azahar in kuma fara tambaya. Na tsayar da ɗan acaɓa, su zem suke ce musu, na faɗa masa kalma ɗaya da na haddace, sunan masallaci a bakinsu: "Moske." Na tattare babbar riga na hau, ina karanto duk addu'ar da na sani.

Ya ratsa kasuwa ya tsaya a gaban wani gini, ya nuna mini. Na ɗaga kai. Dogon gini ne mai hasumiya biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, an shafe shi da ruwan ɗorawa da kore da ja da shuɗi, duk sun koɗe. Ƙofofi da tagogi masu baka a sama, an zagaye su da furanni da ganyaye na siminti, goshin ginin kuma ya lanƙwaso ya yi tudu kamar kan gadon ƙarfen iyayenmu. Babu ƙubba. Irin ginin nan na sha ganinsa a tsofaffin unguwannin Legas, kuma na san waɗanda suke shiga ranar Lahadi.

Na ce masa a'a. Ya ce, "Moske." Na ce coci dai. Na ɗaga hannuwa zuwa kunne na yi masa alamar kabbara don ya gane. Ya gyaɗa kai kamar ya fahimta, ya tayar da babur, ya zagaye kasuwar nan kaf, ta layin masu kifi da na masu atamfa, ya dawo da ni gaban ginin nan ta ɗaya gefen. Nan fa raina ya ɓaci. Na sauka ina faɗa da Hausa, yana ramawa da yarensa, mutane suka fara taruwa.

"Mi ya hwaru, Alhaji?"

Ban taɓa jin daɗin Hausa kamar ranar ba. Wani mutum ne siriri mai furfura a gemu, yana zaune gaban teburin carbi da turare da huluna. Sunansa Malam Idi, mutumin Dogondutse ne ta Nijar, ya daɗe a garin har ya iya Yarbanci da Faransanci. Na kai masa ƙara cewa na ce masallaci an kawo ni coci har sau biyu.

"Wanga masallaci na, Alhaji," in ji shi, yana danne dariya. "Kuma ba kai na na farko ba. Duk Bahaushen da ya zo sai ya yi wagga gardama. Akwai wanda ya shimfiɗa darduma nan bakin titi, ya yi sallatai, ya tashi yana yi muna wa'azi."

Ban rufe baki ba aka kwaɗa kiran salla daga saman kaina. Na sake ɗaga ido, sai a lokacin na lura da jinjirin wata can a ƙololuwa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ba ɗan zem haƙuri da hannu biyu, ya tafi yana girgiza kai, kuma na tabbata har yau yana ba da labarina.

Na yi alwala na shiga. An yi wani sabon gini babba a jikin tsohon saboda yawan jama'a, amma Malam Idi ya ja ni tsohon, ya ce shi dattawa suka fi so. Ciki dogon zaure ne mai rufi can sama, haske yana shigowa ta ko'ina, iska tana ratsawa. Na tuna tsohon masallacin garinmu na ƙasa, mai kaurin bango da azara da bakan gizo, wanda in ka shiga da rana sai ka tsaya idonka ya saba da duhu. Na kuma tuna namu na Abuja, ƙubba da tayil da fanka, kowanne yana kwaikwayon na Larabawa. Wannan bai yi kama da ko ɗaya ba. Amma da liman ya tayar da kabbara, sahu sahu ne, Fatiha Fatiha ce, wanda ke gefena har ya taka mini ɗan yatsa kamar yadda ake yi a gida.

Bayan salla Malam Idi ya haɗa ni da wani tsoho da ake kira Alfa, wato malam, wanda ya tashi a unguwar. Ya zagaya da ni yana magana da Yarbanci, Malam Idi yana mayarwa. Ya nuna mini inda damina da gishirin iskar teku suka ci shafen bango, da inda tsiro ya fito a tsagar hasumiya, yana tsaki kamar mai nuna ciwon ɗansa. Ya sa na shafa furen da ke gefen ƙofa. Ya ce ba a zuba shi a wani abu aka manna ba, da hannu aka fitar da shi tun shafen yana ɗanye, kuma yanzu masu iya wannan aikin sun kusa ƙarewa.

Na yi tambayar da ke cina. Na ce ko dai da can coci ne aka karɓe? Fuskar Alfa ta canza. Ya ce baƙi suna yawan faɗin haka, amma ginin nan tun daga tushensa alƙibla yake nema. Ya tambaye ni a wace aya aka ce sai da ƙubba, alhali masallacin Manzon Allah da kututturen dabino da ganyensa aka yi shi. Na ce babu. Ya ce to.

Sannan ya ba ni tarihin. Ya ce a zamanin cinikin bayi an kwashi mutane daga wannan gaɓar zuwa Brazil, cikinsu da Musulmi da yawa. A can aka koya musu gini da sassaƙa da shafe, su ne suka gina wa iyayen gijinsu coci-coci. Daga baya wasu suka fanshi kansu, wasu kuma aka koro su bayan bayi Musulmi sun yi bore, suka dawo wannan gaɓar, ana ce musu Aguda. Da lokacin gina babban masallaci ya yi, a zamanin mulkin Faransawa, jikokinsu ne magina a garin.

"Hannu abin da ya koya shi yake yi," in ji Alfa. "An ce su gina wa Allah babban ɗaki, su kuma babban ɗaki iri ɗaya suka sani."

Tun da ya ambaci bayi na tuna tambayar Yaya ta uku. Na yi kamar ba komai, na jefa masa sunan gidan su Mustafa, na ce wani abokin aikina ne yake da irinsa. Alfa ya washe baki. Ya ce ai gidan nan ne bayan masu gishiri, manyan Aguda ne, furen da na shafa ma ba mamaki hannun kakansu ne.

Ke nan ban yi rabin yini a garin ba na samu amsar tambaya ta uku. Na koma masauki. Madam ta kawo abinci na ture, ta tsaya a kaina sai da na ci. Fuskar Nafisa kawai nake gani. Kafin in kwanta na gama shawara da zuciyata. Zan ce wa Yaya Musulmi ne tun kaka da kakanni, magina ne, babban gida ne da har masallacin gari suka gina. Duk gaskiya ne. Sauran kuma in bar shi a bakin iyaka, wa zai zo daga garinmu ya tono?

Da safe ina fama da burodin nan sai ga Malam Idi, yana dariya tun daga ƙofa.

"Alhaji, asirinka ya tonu. Ka zo bincike a ɓoye da babbar riga a garin da kowa atamfa yake sawa, ka yi hwaɗa da ɗan zem gaban kasuwa, sannan ka tambayi Alfa, wanda matarsa ɗiyar gidan ta. Alhaja ta ce in taho da kai."

Alhaja ita ce kakar Mustafa, haka suke kiran Hajiya. Zancen duniya ba ya ɓuya. Na sa hula na bi shi ina jan ƙafa.

Gidan tsohon bene ne mai tagogin katako, shi ma da furanninsa a saman ƙofa. A falo hotuna ne reras a bango. Ga hoton Ka'aba, ga wasu maza da kwat da jar dara, ga kuma hoton wani aure da ko makaho ya shafa ya san a coci aka ɗaura shi. Alhaja 'yar ƙaramar tsohuwa ce da farin mayafi da carbi, idonta tar. Ta ga inda nake kallo, ta ce ta bakin Malam Idi wancan ɓangaren ƙanin kakanta ne, su sun zauna a coci. In Layya ta zo su ne kan gaba wajen cin rago, in nasu bikin ya zo a kai musu gudummawa.

Ba ta bari na yi magana ba sai da na ci abinci. Wani fate ne na wake da nama, feshwada suke ce masa, ana barbaɗa garin rogo, ta ce daga Brazil kakanni suka zo da shi. Ta ga na tsaya ina leƙen naman, ta ce in ci, nasu da rago ake yi, na 'yan uwan nan na cikin hoto ne ba a tambaya. Na ci har na ƙara, don gaskiya ya yi daɗi.

Da aka kwashe kwanuka ta ce ta san abin da ya kawo ni, kuma ba laifi ba ne, su ma da 'yarsu ce haka za su yi. In tambaya. Na yi ta farko, na yi ta biyu, ta amsa. Ta ukun na haɗiye ta, na fara godiya ina neman takalmi.

"Saura ɗaya," in ji ta. "Kakan kakana bawa ne."

Ta faɗe shi ne kamar mai cewa kakanta maɗinki ne. Ta ce a can Brazil an zuba masa ruwa a ka a coci an sa masa Antoniyo, amma sunansa na gida Garuba, kuma har yau ba a rasa mai sunan a gidan. Ta ce Bahaushe ne. Yana saurayi ya fita bayan ganuwa yankan ciyawar doki aka kama shi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku. Da aka ƙetare da shi, a can yana ɗora bulo a ginin coci da rana, in ya samu kewayewa ya yi sallarsa. In azumi ya zo sai ya ce cikinsa ke ciwo. Ya dawo da furfura da 'ya'ya, ya yi ta cewa zai koma gida, amma ana kama mutane a hanya har lokacin, bai yarda ya sake kai 'ya'yansa ba. A nan ya rasu.

Malam Idi ya tsaya da fassara, ya share fuska da hularsa, sannan ya ci gaba da wata irin murya. Na tambaya wane gari ne. Alhaja ta ce sunan ya ɓace a bakin jikoki. Abin da ya rage kawai, garin yana da ganuwa, da marina, da wata kuka a bakin ƙofa.

Daga nan ta gyara zama ta dube ni. Ta ce ta tambayi Idi, ya gaya mata a wajenmu wannan abin gori ne.

"Saboda haka ka gaya wa yayanka duka, kada ka rage," in ji ta. "Na ga fuskarka, kana son yarinyar, kana so ka rufa mana asiri. Ba ma so. In ka ɓoye aka yi aure ta haihu, wata rana a wajen suna ko a wajen faɗa wani zai jefa wa 'ya'yanta, ba su shirya ba. Gara ku ƙi mu yau. Mu ba mu taɓa ɓoyewa ba, fenti muka shafa masa muka tsayar a tsakiyar kasuwa."

Ba ta sake ni ba sai da na ce na yi alkawari. Na fito na sake bi ta gaban masallacin, na daɗe a tsaye ina kallonsa, har Malam Idi ya ce ko in kira ɗan zem ya sake zagayawa da ni.

Dawowa ta fi tafiya nauyi, ko da yake babu doya a ƙafata. Ina ƙetare iyaka waya ta dawo, kiran Nafisa ya fara shigowa, na kasa ɗauka. Har a Zuba na sauka na tsaya cinikin lemo da ayabar da ba wanda ya aike ni, don dai in ja lokaci. Sau nawa zuciyata tana cewa tsohuwar nan ba za ta taɓa sanin abin da na faɗa ba.

Washegari bayan La'asar na je gidan Yaya. Nafisa ta kawo ruwa, ta gaishe ni ba ta dube ni ba, ta fita, amma ina hango yatsun ƙafarta a ƙarƙashin labule. Na ce Musulmi ne tun kafin a haifi kakanmu. Na ce magina ne, na nuna masa hoton masallacin, ya juya wayar sama da ƙasa yana tambaya ko na tabbata. Na ce a ciki na yi salla.

"Na ukun fa?" in ji shi.

"Bawa ne, Yaya."

Na ba shi labarin Garuba tun daga ciyawar doki har kabarinsa, da saƙon Alhaja, ban rage komai ba. Yaya ya cire tabarau ya ajiye.

"Ka san mutanen gida in suka ji ba za su zo ɗaurin auren ba," ya ce.

"Na sani."

"Wane gari ta ce?"

"Sunan ya ɓace. Sai dai akwai ganuwa, da marina, da kuka a bakin ƙofa."

"Garinmu ma akwai."

"Akwai, Yaya. Garuruwa da yawa ma akwai."

Ya gyaɗa kai, yana kallon carbinsa. "To in namu ne, ɗayan biyu ne. Ko ɗan gidanmu aka kama, ko 'yan gidanmu ne suka kama shi suka sayar. Ko wanne ne, ba mu ya kamata mu tambaye su asali ba."

Ya mayar da tabaransa, ya juya wajen labule.

"Nafisa, na san kina nan. Ki ce masa ya turo magabatansa."